MAN FETUR DA LAMBAR OKTEN: Darasi Don Direbobi Da Masu Motoci Na Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa

Mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa manoma ne tun kaka da kakanni, amma harkar noma a zamanin nan ba ta tafiya sai da inji. Masara da dawa da waken suya da auduga ba su kai kansu kasuwar Sheme ko ta Ɗandume ko Funtuwa, mota ce ke kai su. Babur ke kai manomi gona, injin ban-ruwa ke riƙe da mai noman rani, mace mai naƙuda kuwa a mota a ke gudu da ita asibiti. Duk waɗannan man fetur su ke sha.

Ana ta maganar tsadar mai tun 29 ga Mayu 2023, ranar da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin fetur, kuɗinsa ya ninka ya sake ninkawa. Har wa yau kuma akwai hanyoyi a wannan yanki da ba wanda ke son motarsa ta mace masa a kansu da almuru. Saboda haka ya wajaba mai mota ya san abin da ya ke zuba wa tankinsa. Wannan darasi zai bayyana abin da a ke kira lambar okten, da yadda a ke gane wadda ta dace da kowane inji, da abin da za a yi in ba a sami zaɓi a gidan mai ba.

1. YADDA INJI KE CIN MAI

A cikin injin mota akwai ramuka masu kama da turmi, su a ke kira silinda. Yawancin ƙananan motoci huɗu gare su, waɗansu shida. Cikin kowace silinda akwai fistin mai hawa da sauka kamar taɓarya. Aikinsa hawa huɗu ne.

Da fari fistin ya sauka, ya shaƙo iska gauraye da tururin fetur. Na biyu, ya hau ya matse su a ɗan ƙaramin wuri can sama. Na uku, fulogi ya ƙyasta wuta, mai ya kama, ƙarfin ƙonewar ya tura fistin ƙasa, wannan turawa ita ce ke juya ƙafafun mota. Na huɗu, fistin ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa.

Hawa na biyu shi ne tushen wannan darasi. In an ce matsin inji 9 ne bisa 1, ma'ana kamar a ɗauki abin da ya cika mudu tara a danna shi cikin mudu ɗaya. Tsofaffin injuna matsinsu kan tsaya wajen 8 ko 9, na zamani kuwa ya kan kai 10 ko ya wuce. Gwargwadon yawan matsi, gwargwadon ƙarfin da inji ke tatsa daga kowace lita. Amma fa iska in an matse ta sai ta yi zafi, kowa ya taɓa famfon keke bayan ya gama hura taya ya san haka. Nan ne matsala ke ɓullowa.

2. ƘWANƘWASAR INJI

In al'amari na tafiya daidai, wuta kan tashi daga bakin fulogi ta bi cikin silinda a jere, kamar yadda wuta ke cin karan gona daga gefe guda har ta kai ɗaya gefen. To, wani lokaci zafi da matsi kan yi yawa, sai ragowar man da ke can lungu ya ƙi jiran wutar ta iso, ya fashe da kansa gaba ɗaya. Wannan fashewa ta kan daki bangon silinda da kan fistin kamar an sa guduma. Direba mai kunne zai ji ƙara siririya, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa, musamman sa'ad da ya taka totur a kan tudu ko mota ta ɗauki kaya da yawa. Ita ce a wannan darasi a ke kira ƙwanƙwasa.

Kada a haɗa ta da abin da kanikawa ke nufi in sun ce inji ya buga. Bugawar inji galibi daga rashin baƙin mai ta ke zuwa, ƙarafa su ci juna, inji ya tsaya cak. Ƙwanƙwasa kuwa ciwo ne mai cin jiki sannu a hankali. In ta auku jifa-jifa na ɗan lokaci ba ta cika yin ɓarna ba. In ta daɗe tana yi da ƙarfi sai ta karya ringi, ta zaizaye kan fistin har ta huda shi, ta ƙone gaskit. Ƙarshenta dai a sauke inji, a kashe kuɗin da ya fi na man wata da watanni.

3. MECE CE LAMBAR OKTEN?

Lambar okten ma'auni ne na jimirin fetur, watau yadda ya ke iya jure matsi da zafi ba tare da ya fashe da kansa ba. Mai lamba babba ya fi haƙuri, mai lamba ƙarama ya fi saurin fushi. Ke nan, ba wani abu ba.

Wani masani a Amurka mai suna Graham Edgar shi ya tsara ma'aunin a shekarar 1927. Ya ɗauki ruwan mai iri biyu. Ɗaya, mai suna aiso-okten, yana da jimiri ƙwarai, aka ba shi lamba 100. Ɗayan, mai suna hepten, ba shi da jimiri ko kaɗan, aka ba shi sifiri. In an ce fetur lambarsa 91, ma'ana jimirinsa daidai ya ke da na gaurayen kashi 91 na aiso-okten da kashi 9 na hepten. A cikin wani inji na musamman mai silinda ɗaya a ke yin gwajin, a ɗakin bincike. Ido ba ya gane lambar, hanci ba ya gane ta, launin mai ma ba ya nuna ta.

A da, hanya mafi arha ta ɗaga lambar ita ce a zuba wa fetur wani sinadari na dalma, wanda Thomas Midgley ya gano amfaninsa a kamfanin General Motors a 1921. Daga baya aka tabbatar hayaƙinsa guba ne, yana lalata ƙwaƙwalwar yara. Mutanen wannan yanki ba baƙin labarin dalma ba ne, gama a 2010 gubarta daga wajen haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun daina sayar da fetur mai dalma a farkon 2006, Aljeriya kuwa ita ce ta ƙarshe a duniya, a 2021. Yanzu a matata a ke ɗaga lambar, ta hanyar sarrafa man da gauraya shi.

4. LAMBA IRI BIYU, KADA A RUƊE

Yawancin motocin da ke yawo tsakanin Funtuwa da Ƙanƙara da Katsina na hannu ne, an shigo da su daga Turai ko Amurka. To, waɗannan ƙasashe ba ƙidaya ɗaya su ke yi ba.

A Turai da Nijeriya da yawancin duniya ana amfani da lambar da a ke rubutawa RON. Motocin Jamus kan rubuta ROZ, duk abu ɗaya ne. A Amurka da Kanada kuwa su kan haɗa sakamakon gwaji biyu, mai sauƙi da mai tsanani, su raba biyu, don haka lambarsu kan gaza RON da 4 ko 5 alhali mai ɗin ɗaya ne. Ga yadda su ke haɗuwa, a kimance:

87 na Amurka daidai ya ke da RON 91.
91 na Amurka daidai ya ke da RON 95.
93 na Amurka daidai ya ke da RON 98.

Saboda haka mai Toyota Corolla ko Camry ko Honda Accord da ta fito daga Amurka, in ya ga 87 a littafin motarsa, RON 91 a ke nufi. Wanda kuwa ya ga 91 a littafin motar Amurka kada ya yi murna ya ce ai shi ne na gida, RON 95 motarsa ke nema.

5. FETUR ƊIN NIJERIYA

A takardun hukuma sunan fetur PMS. Harafin farko na nufin mai daraja da Turanci, amma suna ne kawai, ba ya nufin lambarsa ta kai ta babban fetur na Turai. Hukumar SON ita ke tsara ma'auni, wanda ta fitar a 2017 kuwa ya ce kada lambar ta gaza RON 91. Hukumar NMDPRA, wadda Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta kafa, ita ke da alhakin duba mai a tashar jiragen ruwa da matata da defo da gidajen mai. Ko an shigo da shi daga waje, ko ya fito daga matatar Ɗangote da ke Legas, wadda ta fara fitar da fetur a watan Satumba 2024, ma'auni ɗaya ya hau kansa.

A Turai direba kan tarar da famfo biyu ko uku, 95 da 98, ya zaɓa. A gidajen mai na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa fetur iri ɗaya a ke samu. Ashe zaɓin mutumin wannan yanki ba a bakin famfo ya ke ba. Yana wurare uku: ranar sayen mota, da wurin da a ke shan mai, da yadda a ke kula da inji.

6. YADDA A KE SANIN BUKATAR MOTA

A buɗe murfin tanki a duba bayansa, sau da yawa lambar na nan a rubuce. In babu, a duba littafin mota. In littafin ya ɓata, a ba bakanike mai ilimi lambar injin ya bincika. Motoci sun kasu kashi uku.

Kashi na farko, waɗanda ke neman RON 91 ko ƙasa da haka. Nan ne yawancin motocin haya da na gida su ke, da babura, da Keke Napep, da janareta, da injin ban-ruwa. Fetur na gidan mai, in mai kyau ne, ya ishe su sarai. Ba su bukatar ƙarin kome.

Kashi na biyu, waɗanda aka ce 95 ya fi musu, amma 91 ma ya yi. A murfin waɗansu motocin Volkswagen a kan ga lambobin biyu tare. Irin waɗannan motoci suna da wata na'ura manne da inji mai sauraron ƙwanƙwasa. Da ta ji, sai ta gaya wa ƙwaƙwalwar mota, ita kuwa ta jinkirta wutar fulogi kaɗan har ƙarar ta ɗauke. Mota za ta tafi lafiya, sai dai ƙarfinta ya ɗan ragu, shan manta ya ɗan ƙaru. Mai irin wannan mota ya tabbata na'urar na aiki, kada ya yarda a cire ta, kada kuma ya bar fitilar gargaɗin inji tana ci wata da watanni.

Kashi na uku, waɗanda aka ce lalle sai 95 ko 98. Galibi manyan motocin alfarma ne da masu turbo, watau abin da ke cusa wa inji ƙarin iska da ƙarfi. Na'urar sauraro na taimakonsu, amma jinkirin da za ta iya yi yana da iyaka. Ga zafin bazara, ga kaya, ga tudu, sai abin ya fi ƙarfinta. Wanda zai sayi mota don zirga-zirgar ƙauyuka ya duba murfin tanki kafin ya biya kuɗi, kada ƙyalƙyalin fenti ya ja shi ya sayo dokin da ba shi da abincinsa.

7. ABIN DA KE SA ƘWANƘWASA KO DA MAI NA DA KYAU

Bukatar inji ba a tsaye ta ke wuri ɗaya ba. Ga abubuwan da ke ɗaga ta:

Zafin gari. Daga Maris zuwa Mayu iskar da inji ke shaƙa da zafinta ta ke shiga. Motar da ta yi shiru duk damina ta kan soma ƙara da bazara. In da hali, a yi lodi mai nauyi da sassafe.

Zafin inji. Lagireto da ƙurar hunturu ta toshe, ko fanka da ta mutu, ko ƙarancin ruwa, duk suna jawo ta.

Babbar giya a kan tudu. Direban da ya cika Golf ko Sharan da buhunan masara, ya tunkari hawa a giya ta huɗu yana danna totur har ƙasa don tsimin mai, shi ke kiran ƙwanƙwasa da hannunsa. Da ya ji ƙarar ya sassauta ƙafa, ya sauko giya.

Taimin. A tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, in an sa wuta ta riga lokacinta sai inji ya yi ta ƙara. Gyaran na ɗan lokaci ne a wurin wanda ya iya.

Matse kafireto. Tun da mai ya yi tsada waɗansu kan sa a rage wa inji mai fiye da kima. Iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, inji ya yi zafi, bawul ya ƙone. Abin da aka tsimi a gidan mai sai a biya shi ninki a gareji.

Fulogi da dauɗa. Fulogin da ba na motar ba ya kan yi ja ya kunna mai tun lokaci bai yi ba. Baƙin gawayin da ke taruwa a kan fistin na tsohon inji shi ma yana rage fili, ya ƙara matsi.

8. MAN GALAN DA NA KWALBA

A ƙauyuka da yawa ba gidan mai, sai 'yan bumburutu. A ƙarshen watan Agusta 2021 Gwamnatin Jihar Katsina, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, ta kafa dokar tsaro wadda ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma ƙayyade gidajen da za su sayar da mai a ƙananan hukumomin da ke bakin daji, har da waɗannan uku. Dalilin dokar tsaro ne. Amma ko ta fuskar lafiyar inji, man jarka yana da illa uku.

Ta farko, gauraye. Kananzir da man gas lambar oktensu ƙasa ta ke ƙwarai. Ko ba da gangan ba, jarkar da aka ɗebo gas da ita jiya aka zuba fetur yau ta isa ta rage wa mai jimiri. Ta biyu, daɗewa. Fetur da ya yi kwanaki a kwalba cikin rana, sassansa masu sauƙi kan tashi su bi iska, ragowar ya yi wuyar kamawa. Ta uku, ruwa da ƙasa.

Ga gwaji biyu da kowa zai iya, nesa da wuta da taba. A ɗiga mai a farar takarda: fetur tsantsa ya kan bushe nan da nan ba tabo, mai gauraye da gas ko kananzir ya kan bar maiƙo. A zuba shi a farar kwalba a ajiye ɗan lokaci: in da ruwa zai kwanta a ƙasa. Waɗannan gwaje-gwaje ba su nuna lambar okten, ha'inci kaɗai su ke tonawa.

Lamba babba kuma ba ita kaɗai ce shaidar mai mai kyau ba. A watan Fabrairu 2022 an shigo da fetur daga Beljiyam wanda sinadarin metanol ya yi masa yawa, hukuma ta janye shi daga kasuwa, aka yi makonni ana dogon layi. Metanol lambarsa ta haura 100, duk da haka yana cin roba da waɗansu ƙarafa, yana kuma jan ruwa. Saboda haka direba ya riƙe gidan mai guda da ya amince da shi, ya cika tanki kafin ya shiga doguwar hanya, ya karɓi rasit. In mota ta soma ƙara ko shaƙewa daga shan mai, rasit ɗin shi ne hujjarsa a gaban NMDPRA.

9. ZANTUKAN TASHA DA BA SU DA TUSHE

Ana cewa mai lamba babba ya fi ƙarfi. Ba haka ba ne. Ƙarfin da ke cikin litar 91 da ta 98 kusan ɗaya ne. Injin da aka ƙera don 91 ba ya ƙara gudu don an ba shi 98, kuɗi ne kawai ya tafi.

Ana cewa ruwan kwalba da a ke sayarwa don ɗaga okten na mai da 91 ya koma 95. A karanta jikin kwalbar da kyau. A wurin yawancin masu yin sa, maki ɗaya kashi ɗaya ne cikin goma na lamba, watau maki 3 na ɗaga 91 zuwa 91.3 ne kurum. Waɗansu kuma su kan bar jan ƙura a bakin fulogi.

Ana cewa a jefa kafur a tanki. Kada a yi. Wanda bai narke ba ya kan toshe matatar mai da injekta.

Ana cewa man jirgin sama ya fi kowane mai. Manyan jirage dangin kananzir su ke sha, wanda ke kashe injin fetur. Na ƙananan jirage kuwa yana da dalma.

Injin gas, kamar na Canter da tarakta, ba ruwansa da okten. Ba shi da fulogi mai ƙyasta wuta, matsi kaɗai ke kunna mansa, don haka mai saurin kamawa ya ke so. Fetur a tankin gas, ko gas a tankin fetur, ɓarna ce babba. Wanda kuskuren ya auka wa kada ya tada inji sai an juye tankin.

10. ABIN DA ZA A RIƘE

Lambar okten jimiri ta ke aunawa, ba ƙarfi ba. Kowane inji yana da lambar da maƙeransa su ka yanka masa: ƙasa da ita ɓarna, sama da ita asara. Ma'aunin Nijeriya RON 91 ne, ya kuwa ishi yawancin abin hawan da ke wannan yanki, muddin mai ɗin tsantsa ne, inji kuma ba ya zafi. Direban da ya ji tsakuwa a gwangwani ya sauko giya, ya duba zafin inji, ya tuna inda ya sha mai, sa'an nan ya nemi bakanike tun mota na tafiya da ƙafarta. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI DON BITA

Shugabannin tasha da masu koyar da tuƙi da masu gareji su karanta wa yaransu wannan darasi, sa'an nan su yi musu waɗannan tambayoyi:

1. Mene ne bambancin ƙwanƙwasa da bugawar inji?
2. Motar da ta fito daga Amurka an rubuta mata 87. Fetur ɗin gidan mai ya ishe ta?
3. Wata kuma daga Amurka an rubuta mata 91. RON nawa ta ke nema?
4. Me ya sa mota ta fi ƙara da bazara bisa ga damina?
5. Direba ya ji ƙwanƙwasa a kan tudu, mota cike da kaya. Me zai fara yi?
6. Me gwajin farar takarda ke nunawa, me kuma ba ya nunawa?